Ranar da Jinin Illa Ya Yi Tsami

Tun ba mu fita ƙasarmu ba Illa ya shanye ruwansa. Muna bayan wata buɗaɗɗiyar mota da ta ɗauko mu daga Tasara za ta kai mu bakin iyakar Aljeriya, an jera mu kamar buhunan albasa, kowa ya rungume bidonsa, wato jarkar ruwansa, da aka naɗe da tsumma. Nawa ko wuya bai sauka ba, nasa kuwa in an ƙwanƙwasa sai ya amsa. Ya dube ni da idon nan nasa na rashin kunya ya ce in ara masa nawa, in mun isa zai biya ni da rijiya sukutum. Na tambaye shi tun yaushe bawa ya fara cin bashin ubangidansa, sannan na miƙa masa.

Illa ɗan Gwaggo Habsu ne, ƙanwar babana, wato taubashina. Tun muna yara a Bambeye ba mu taɓa faɗa wa juna magana mai daɗi a gaban mutane ba, kuma ba mu taɓa raba kwano ba. Shi ɗan kokowa ne, wuyansa kamar turmi, in ya shigo fili har guɗa ake yi. Ni kuwa Nomau, in iska ta taso sai na nemi bango. Duk da haka ni gwaggo ta ɗora wa amana, don na girme shi kuma na ɗan zauna lakwal, wato makarantar boko. Ta ƙulla mana jar kanwa a wani yankin tsohon zane, don a wurinta babu ciwon cikin da ya gagari kanwa, ta ce mini, "Da wuyanai nib ba ka shi. Da wuyanai za ka maido man shi." Haka ake auna ɗan bida, wato ɗan ci-rani, a ƙasarmu ta Adar. Kafin a dubi akwatinsa sai an dubi wuyansa da kumatunsa. Wanda ya dawo a rame, ko da mota cike da kaya ya zo, za a ce kurkuku ya yi, ko a rage murya a ce ciwon zamani ne.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ruwan ba ya zama a jikinsa. Da ya sha, ba a jima ba sai ya hau bubbuga kan mota a tsaya. Direban, wani mutumin Azawak mai baƙin rawani, ya yi ta haƙuri har ya gaji, ya leƙo ya ce shi mutane ya ɗauko, bai san an haɗa masa da mazurari ba. Aka kwashe da dariya, tawa ta fi ta kowa. Daga nan Illa ya koma yi a gwangwani yana watsarwa ta gefe, yana kawar da fuska.

Direban nan shi ya fara koya mana halin hanya. Da hantsi ya sauke mu a wani fili da babu ko tsinken ciyawa, ya nuna wani dogon ƙarfe can nesa ya ce gari na bayansa, kafin shayi ya tafasa mun isa. Muka bi ƙarfen nan har rana ta take, har ta karkata, shi kuma kamar ja da baya yake yi. Illa ya fara tangaɗi, leɓensa ya tsattsage. Wata tsohuwa mai kiwon awaki ce ta cece mu. Ba ta jin Hausa, ba ma jin yarenta, ta dai dubi bakinsa ta ce "aman", ashe ruwa ke nan a bakinsu, ta kwance salkarta. Ya kafa kai bai ɗago ba sai da salkar ta motse. Kunya ta kama ni kamar in nutse, na lalubo 'yan canjina, ta ture hannuna ta kora awakinta gaba.

A Tamanrasat, cikin Aljeriya, muka samu aikin ɗaukar bulo. Abincin garin dogon burodi ne mai araha da lemon kwalba, mu kuma da muka tashi da hatsi muka ga kamar kullum salla. Illa yana cin na mutum uku, amma wandon da ya zo da shi yana matse shi sai da ya nema masa igiya. Ni kuwa duk abin da na ci sai ya zauna. Kumatuna suka fito, rigata ta fara ƙin ɓallewa, har Illa ya riƙa gaya wa mutane cewa in yana barci nake yankar namansa ina liƙawa a jikina.

Akwai wani kango a bayan ginin inda muke kewayawa. Wata safiya na ga kiyashi sun yi baƙi ƙirin a wuri ɗaya tak, inda Illa ya saba tsugunawa, sun bar na kowa. Na tsaya baki buɗe. Na kira sauran abokan aiki su zo su ga ɗan gatan gwaggo wanda har kiyashi ke bin sawunsa. Wani ya ce ai alamar farin jini ce, muka yi dariya muka koma bakin aiki.

A garin ne gwaggo ta aiko da murya ta salular maƙwabcinta, wai tana son hoto. Illa ya sa rigarsa, ya ɗora tawa, ya ɗora kwat ɗin wani, ya naɗe wuya da rawani, ya cika kumatu da iska. Na durƙusa na ɗauke shi daga ƙasa don ya ƙara cika ido. Da hoton ya tafi sai ya saki iskar, ya zauna a kan bulo, ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Nomau," ya ce, "wai ina namana shika tahiya?"

Tun da nake da shi ban taɓa jin ya yi mini tambaya babu tsiya a ciki ba. Ranar kewar gida ta kama ni, na yi ta tuna inuwar zaurenmu da ƙarar sussukar mata, abubuwan da ko kallo ba su ishe ni ba sa'ad da nake cikinsu.

Da muka ji ana yankan dabino a arewa, muka shige ƙarƙashin tamfol ɗin wata babbar mota har Wargala. A can akwai wata gona da Adarawa suka daɗe suna aiki, shugabansu Baba Arzika, dattijo mutumin Affala. Mai gonar wani tsohon Balarabe ne da muke ce wa Shibani, wato tsoho a bakinsu, mutumin da bai taɓa amsa mana gaisuwa ba sai tsawa. Baba Arzika ya taɓa ganin kokowar Illa a garinsu. Da na ce masa ga Illa na Bambeye, sai ya duba bayan Illa yana neman Illa. Da ya gane, ya riƙe haɓa ya yi ta salati.

A zaman shayin ranar ya yanke hukunci. Ya ce in yaron nan ya koma gida a haka, ba shi kaɗai ya ji kunya ba, duk Ba'adaren da ke gonar ya ji, don za a ce muna gani yunwa ta cinye ɗan'uwanmu. Daga ranar kiwon Illa ya zama aikin gayya. In an dafa shayi, kofinsa ake fara cikawa, a ƙara masa sukari a kan wanda ke ciki. Wanda ya hau bishiya ya ga dabino mai ɗigar zuma sai ya sa a aljihu ya kawo masa. Wani ya sayo madarar gwangwani a tsiyaya masa a burodi, wani ya kawo lemo. Mutanen da ke ƙirga loma saboda iyalin da suka bari a gida, su ne ke hana bakinsu su ba shi. Ban taɓa ganin ƙauna irin wannan ba, kuma ban taɓa ganin mutum yana narkewa a gaban idona kamar yadda Illa ya narke a cikinta ba. Ya daina iya hawa bishiya, aka mai da shi wurin tsince dabino, can ma ya ce idonsa na ganin hazo.

Wata Juma'a ya dawo daga kasuwa da murna. Ya haɗu da wani mai tallan magani a jaka, ɗan ƙasarmu ne ma, abin da ya fi ciwo ke nan, ya sayar masa da ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe. Ya rantse masa kafin wata ya mutu sai an faɗaɗa masa ƙofa. Illa ya riƙa haɗiyarta safe da yamma yana shafa wuya, yana tambayata ko na ga alama.

Ba a yi kwanaki ba alamar ta zo. Da safe ya tashi da amai da murɗar ciki. Baba Arzika ya ce a kawo kanwar gwaggo, ya jiƙa ta a kofi ya ba shi. Ya sha, ya yi wata doguwar gyatsa, muka ce alhamdu lillahi ta kama aiki, sai ga ta ta dawo gaba ɗaya. Aka sake jiƙawa. Wajen hantsi sai numfashinsa ya sauya. Babu tari, babu mura, amma yana jan iska tun daga cibiya yana fitarwa da ƙarfi, kamar zugazugin maƙera, ba hutawa. Bakinsa na warin dabinon da ya fara ruɓa, muka ce ai dabinon da yake ci ne. Na durƙusa a kansa na zage shi zagin taubashi mafi muni da na sani, wanda ko a mafarki sai ya rama. Ya buɗe ido ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

Na ce asibiti za mu. Baba Arzika ya tare ƙofa.

"In kunka kai shi likita, takarda za a tambaya," ya ce. "Wa ad da ita cikinmu? Mu duka za a kwashe a zubas bakin iyaka. Ku bari mu ga marece, a ƙara mishi kanwa."

Ba mugunta ba ce. Gidaje da yawa a Adar daga gonar nan suke cin tuwo, shi kuma yana ɗauke da su duka a kansa. Sauran suka sunkuyar da kai. Ni dai na ce wa baba ya yi mini aikin gafara, na tsuguna na jawo Illa na goya shi. Na tattara ƙarfina duka don in tashi da ɗan kokowa, sai na miƙe zumbur har na kusa kifewa. Babu nauyi. Mutumin da ke ɗaga ni da hannu ɗaya yana juyi da ni a dandali, ga shi a bayana kamar damin kara. A duk tafiyar nan, da hamada da ƙishirwa da tsoron kame, babu abin da ya firgita ni kamar wannan rashin nauyi.

A bakin gonar muka yi kiciɓis da Shibani. Ya taso da tsawarsa yana nuna mini wurin aiki, har ya iso gab da mu, sai ya tsaya cak. Ya kai hancinsa bakin Illa ya shaƙa. Fuskarsa ta canja, ya ce "sukkar" a hankali, ya ruga ya buɗe motarsa. Daga baya na ji cewa wata 'yarsa ciwon ne ya ɗauke ta, kuma warin nan ya san shi. A asibitin shi ya tsaya a gaba yana bugun ƙirji yana cewa mutanensa ne. Babu wanda ya tambaye ni takarda.

Aka shige da Illa, aka rataya masa ƙarin ruwa a hannu biyu, aka turo ni waje. Na zauna a ƙasa a baranda, fararen riguna na wucewa, ana Larabci ana Faransanci a kaina. Can sai na ji an ce, "Sannu. Kai ɗan Adar na?" Na ɗaga kai na ga wata budurwa baƙa cikin farar riga. Sunanta Rahila, a Tahoua aka haife ta, babanta malamin lakwal ne, Kirista daga wajen Maraɗi, ita kuma karatun likita ya kawo ta. Ni da ban yi kuka a hamada ba, jin Hausa a wurin nan ya sa na fashe kamar yaro. Ta bar ni na gama, sannan ta tambayi abin da muke ba shi. Na lissafa mata da alfahari, don a ganina shaida ce ta cewa ba mu yi sakaci ba: shayi, dabino, madara, lemo. Kowanne na faɗa sai ta runtse ido. Da na ciro ƙwayar kasuwa daga aljihun rigarsa da aka miƙo mini, ta karɓe ta wuce da sauri wurin babban likita, ta dawo ta ce ƙwayar nan tana ƙara hauhawar sukari a jini, ita ta ingiza shi ramin da yake bakinsa.

Ta zauna a benci ta yi mini bayani da kayan madafa, don ta ga Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Ta ce abinci biyu jiki ke ƙonawa ya samu ƙarfi, sukari da kitse. Sukari shi ne cefanen yau da kullum, kitse kuma rumbu ne da ake ajiyewa saboda baƙar rana. Ta ce ba sukarin shayi kaɗai ba, burodi da shinkafa da fura da tuwo duk in sun shiga hanji sukari suke komawa. Na ce a'a, ban da tuwo, tuwon hatsi ina ya ga zaƙi? Ta ɓallo ɗan burodi daga wanda Shibani ya ajiye mini, ta ce in tauna kada in haɗiye. Na yi ta tauna ina hararar ta. Can sai zaƙi ya fito mini a harshe daga inda babu shi. Na tofar a hannuna na duba, don na zaci dabara ta yi mini.

Ta ce akwai wani ruwa da jiki ke yi, insulin, shi ke buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. Na Illa ya ƙafe, kuma ba laifin kowa ba ne. Saboda haka sukarin ya taru a jini ya rasa mashiga, ƙoda na ta wanke shi da ruwa tana zubarwa, shi ya sa ƙishirwa, shi ya sa kiyashi. Tsokarsa kuwa yunwa take ji alhali abinci na zube a ƙofarta. Da yunwar ta yi yawa sai jiki ya fasa rumbu, ya hau ƙona kitse ba ji ba gani. Nan naman Illa ke tafiya. Kuma kitse in an ƙona shi da gaggawa haka, abin da yake bari a baya tsami ne, ya yi ta taruwa har jini ya yi tsami.

Na ce jini fa? Jinin mutum yana tsami kamar nono? Ta ce ba wanda harshe zai ji ba, ɗan kaɗan ne, amma ɗan kaɗan ɗin ya isa ya kashe. Jini ba ya son tsami, ba ya son kanwa ta yi yawa, a tsakani yake zama, ya ɗan karkata wajen kanwa. Numfashin nan da ya tsorata mu, huhunsa ne ke ƙoƙarin fitar da tsamin ta iska.

Sai na ji wani sanyi, na ce to ashe Baba Arzika ya yi daidai, ai ko miyar yakuwa in ta yi tsami kanwa ake jefa mata ta yi kumfa ta kwanta.

"Hankalinku ya bi hanya," in ji ta, "amma ba tukunyar ba ta. Kanwar da kunka ba shi, tsamin tumbi tag gamu da shi, shi na gyatsar da kunka ji. Jini na da kanwa tashi da Allah ya zuba mishi, ita ta ƙare. Ko buhu kunka ɗura mishi, in ba a hana jiki ƙona kitsen ba, tsamin ba shi tsayawa."

Na tuna hannuwan da suka riƙa miƙo masa dabino, na tuna kofin shayin da ake cika masa kafin na dattawa. Ashe duk gayyar nan wuta muke ƙara wa itace, muna murna.

Washegari na tarar an sauya ledar ƙarin ruwan. Na tambayi Rahila mene ne a ciki, ta ce ruwan sukari ne. Ban san lokacin da na kai hannu zan tsinke robar ba, ta riƙe ni. Na ce jiya kin ce sukari ke kashe shi, yau kuma ku da kanku kuke ɗura masa? Ta ce jiya ƙofa a rufe take, yau allurar insulin ta buɗe ta. Dole a ba tsoka abincinta ta ƙoshi, sannan jiki ya ƙyale kitse, tsamin ya janye da kansa. Na koma na zauna, na ce lallai jikin ɗan Adam ya fi ƙarfin wayona. Da la'asar numfashin ya kwanta. Ina gyangyaɗi a kujera na ji wata siririyar murya tana tambayar wa ya ba bawan ga izinin zama a kan kujera ubangidansa na kwance. Ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba.

Kafin a sallame mu Rahila ta koya masa yin allurar da hannunsa a fatar ciki, ta ce shi da ita har abada. Ta koya masa awon abinci, ta ce kada kwalbar maganin ta sha zafi. Ta ƙara da wani abin da ya sake juya mini kai: kada ya kuskura ya fita ba ƙwayar sukari a aljihu, don wani lokaci allurar kan rinjayi abincin, jiki ya ɗau rawa, gumi ya karyo, a lokacin sukarin nan shi ne ransa. Baba Arzika ma ya zo, ya shigo asibitin da yake tsoro yana waige-waige, da dafaffen ƙwai a aljihu, don an ce masa shi ba ya komawa sukari. Ya zauna a bakin gado, ya riƙe ƙafar Illa har lokacin fita ya yi.

Muka juyo gida ba mu cika rani ba. Kwalaben maganin na sa su a safa, na riƙa jiƙa ta ina ratayewa inda iska ke bugawa, yadda ake yi wa bidon ruwa. A wannan karon ruwana safa ta sha, Illa kuwa nasa ya kai shi har Tahoua da saura. Muka tsaya a asibitin birni aka rubuta sunansa, aka haɗa mu da majon garinmu, wato jami'in lafiya, sannan muka hau motar Bambeye.

Labari ya riga mu isa. Gidan gwaggo cike da mata, an share tsakar gida, an shimfiɗa tabarma. Na shiga gaba da kumatuna da wuyana, Illa na biye da ni, rigarsa na lilo a jikinsa. Guɗar da aka ɗauko ta mutu a tsakiya. Gwaggo ta dube shi, ta dube ni, ta sake dubansa. Ta shiga ɗaki ta fito da babbar ƙwaryarta cike da fura, wadda ta dama tun safe ta zuba mata rabin kwalin sukarin da ta saya musamman saboda ranar. Ta durƙusa ta kai ta bakinsa da hannunta. Shi kuma ya dubi uwarsa, na ga ba zai iya ce mata a'a ba, ya buɗe baki.

Na sa hannu biyu na ɗauke ƙwaryar.

A garinmu ba a taɓa yi ba. Furar maraba, daga hannun uwa, a gaban mutane. Wata tsohuwa ta yi salati. Gwaggo ta miƙe a hankali.

"Ka canye naman ɗana can, Nomau. Yanzu hurar tashi ma ba ka bar mishi?"

Duk bayanin da na haddace a hanya, da rumbu da ƙofa da miyar yakuwa, ya gudu ya bar ni riƙe da ƙwarya. Illa ne ya ɗaga rigarsa ya nuna mata tabon allurai a cikinsa. Ya gaya mata komai da bakinsa, babu wasa, har da yadda aka goya shi. Ya ce in ya shanye ƙwaryar nan, numfashin da ya kusa tafiya da shi zai iya dawowa. Fura zai sha, amma ludayi kaɗan, ba sukari, kuma sai ya yi allura. Ta tambaya ko kanwarta ta yi amfani. Ya ce ta yi, inna, ita ta riƙe shi har aka kai likita. Na dubi ƙasa.

Ta zauna a bakin tabarma. Matar da tun da ta haife shi ba ta san wata hanyar nuna masa ƙauna ba sai ta cika masa kwano.

"To mi ar rage in ba ɗana?" ta ce.

Sai na tuna maganar Rahila ta ƙarshe. Na ajiye ƙwaryar, na ciro yankin zanen da ta ƙulla mana kanwa, wanda ke aljihuna tun Wargala, na gaya mata zancen rawar jiki da ƙwayar sukari. Ta sa na maimaita. Sannan ta jawo sauran kwalin, ta zaɓi ƙwayoyin da ba su gutsure ba, ta ƙulle su a zanen irin ƙullin da ta yi wa kanwa, ta sa masa a aljihu da kanta ta danna. Ta tashi ta kawar da randarta, ta tona jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashi ta binne kwalaben maganin a cikin wani ɗan kasko.

Illa bai sake shiga filin kokowa ba. Jikinsa ya dawo kaɗan-kaɗan, yana noma gonarsa, amma wuyan nan na turmi ya zauna a Aljeriya. Kullum da safe kafin ya fita sai gwaggo ta laluba aljihunsa ta ji ƙullin na nan. Hannunta kuwa har yau bai koyi dama fura kaɗan ba. Takan cika babbar ƙwaryar kamar da, ta auna masa ludayinsa, sannan ta aika a kira ni. Ta tura mini sauran ta ce in sha, ɓarawon nama. Ina sha tana zaune, amma ba ni take kallo ba, wuyan Illa take kallo.